Mece ce "eriya mai ƙarfi"?

Tun da akwatin Wi-Fi, wanda 'yan kasuwa ke kira rauta, ya shiga gidaje da shaguna, babu kalmar da ta cika bakin masu talla kamar "eriya mai ƙarfi". Har a rediyo na ji wani yana cewa tasa 9 dBi ce, wai tana ƙara wa akwatin ƙarfi har sigina ta huda kowane bango. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin mutane na fitar da kuɗin guminsu a kanta.

Eriya ba ta ƙara komai. Ɗan ƙarfe ne a cikin roba, abin da akwatin ya ba ta shi take rabawa. Shi kuma dBi awo ne na yadda take tattara rabon zuwa wani sashe, idan aka gwada ta da wata eriyar lissafi da ke watsawa ko'ina daidai wa daida. Sandar eriya ta asali, irin mai rassa biyu da Heinrich Hertz ya yi gwaji da ita a Jamus a shekarun 1880, awonta 2.15 dBi ne. Duk ƙarin 3 a wannan awo ninki biyu ne, amma a sashen da aka tattara kaɗai.

Ka ɗauki curin fura ka ɗora a faifai, ka danna shi da tafin hannu. Zai baje har ya kusa bakin faifan, amma tudunsa ya tafi. Furar ba ta ƙaru da ko cokali ɗaya ba. To, haka doguwar eriya mai dBi da yawa take yi wa sigina: tana baje ta gefe da gefe, tana ƙwace ta daga sama da ƙasa. Shi ya sa mai gidan bene zai sayo ta, maƙwabcin da ke zaune a dakali ya riƙa samun sabis cike, ɗakin da ke saman akwatin kuwa ya rasa abin da yake samu a da. Sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali eriyar aikinta ta yi, furar ce aka danne. A ganina kiran wannan abu "ƙarfi" yaudara ce, "tattarawa" ya kamata a ce.

Kuskure na biyu daga kwanon tauraron ɗan adam muka gado shi. Shi kwano dole a saita fuskarsa, sai muka ɗauka ita ma sandar rauta nuna ta ake yi ga ɗakin da ake so. Alhali ta jikin sandar sigina ke fita, tana kewaye ta kamar gammo, tsininta kuma nan ne ya fi ko'ina rauni. Wanda ya nuna tsinin ga ɗakinsa, da hannunsa ya rage wa kansa sabis.

A gidan da ba bene ba, a tsayar da sandunan cak. A gidan bene, a kwantar da ɗaya, domin gammon ya miƙe ya taɓa sama. Inda akwatin yake ma ya fi sandunan tasiri: tsakiyar gida, a saman kanta mai tsayi, nesa da firji da madubi da tankin ruwa, ban da cikin durowar ƙarfe. Ƙarfe yana mayar da sigina, ruwa da kankare suna shanye ta.

Af, "5G" da wasu akwatunan ke nunawa a ƙarshen sunan Wi-Fi ba shi ne 5G na kamfanonin waya da ya shigo Najeriya a 2022 ba. Zangon 5 GHz ne, ɗaya daga cikin zango biyu da irin wannan akwatin ke watsa sigina a kai; tsawon igiyarsa kusan santimita 6, na ɗayan, wato 2.4 GHz, kuwa kusan 12.5. Na farkon ya fi sauri a kusa, amma bango ya fi cin sa, don haka wayar da ke can ƙuryar gida a haɗa ta da 2.4.