Waiwaye: Yadda Mayotte ta rabu da sauran tsibiran Komoros

Taurari huɗu ne a jikin tutar ƙasar Komoros, amma tsibirai uku gwamnatin Moroni take mulka. Na huɗun, wato Mayotte, yana hannun Faransa, kuma wannan taƙaddama ta girmi yawancin mutanen da ke zaune a tsibiran yau.

Tsibiran suna cikin Tekun Indiya, tsakanin arewacin Mozambik da Madagaska. Ngazidja ce babba, a nan babban birnin ƙasar, Moroni, yake, a gindin Karthala, dutse mai aman wuta da tsayinsa ya kai mita 2,361. Sai Ndzuani, wadda Faransawa ke kira Anjouan, da Mwali 'yar ƙarama, da Maore, wato Mayotte. Kusan dukkan mutanensu Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'i, harshensu kuma ɗan'uwan Suwahili ne. Tsakanin Ndzuani da Mayotte kilomita 70 ne kacal, kuma tun kaka da kakanni ake aure da fatauci da ziyarar dangi ta wannan mashigi.

Ta Mayotte Faransa ta shigo. A 1841 Sarki Andriantsoly, wanda abokan gaba suka matsa wa lamba, ya sayar mata da tsibirin. Sauran ukun sai a 1886 suka shiga ƙarƙashin "kariyar" Faransa, a 1912 kuma aka haɗe su duka aka jingina su da Madagaska. Abin da Turawa suka zo nema ƙasar noma ce. Kamfanoninsu suka mamaye gonaki mafi kyau suna shuka rake, daga baya suka koma kan vanila da kanumfari da furen ilang-ilang da ake tatsar man turare daga gare shi. Talaka aka tura shi gangaren duwatsu. Hanya da makaranta da asibiti kuwa, ba a yi abin a-zo-a-gani ba.

Ɓaraka ta fara ne da maganar hedikwata. Fiye da shekara ɗari fadar mulki tana Dzaoudzi ta Mayotte, sai a 1958 aka yanke shawarar mayar da ita Moroni. Ma'aikata suka bi ofisoshinsu, albashi ya bi su, aka bar mata da 'ya'ya da kasuwa da ta mutu. Matan Mayotte, ƙarƙashin jagorancin Zéna M'Déré, suka fito da wani salon bore mai ban mamaki: duk wani babban ɗan siyasa da ya sauka daga Moroni sai su yi masa zobe su dinga yi masa cakulkuli har ya rasa inda zai sa kansa, ya koma inda ya fito. Abin dariya ne a ji, amma saƙon ba na wasa ba ne. Sun gwammace mulkin Faransa da ke nesa a kan danniyar maƙwabta da ke kusa.

Ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi zaɓen raba-gardama. Idan aka haɗa ƙuri'un tsibiran huɗu, kusan kashi 95 cikin ɗari sun zaɓi 'yancin kai. A Mayotte ita kaɗai, kimanin kashi 63 suka ce a'a. Nan majalisar dokokin Faransa ta sauya ƙa'ida bayan an gama wasa, ta ce tsibiri-tsibiri za a bi. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran a lokacin, bai jira ba, ya shelanta 'yancin kai ranar 6 ga Yuli 1975. A Nuwamban shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu, amma da aka kai batun Kwamitin Sulhu a Fabrairun 1976, Faransa ta hau kujerar na-ƙi. A ganina nan ne laifinta ya fi fitowa fili, domin yankin da ta mulka a dunƙule ne ta tsattsaga shi ranar rabuwa, ta riƙe ɓangaren da ya yi mata.

Sai dai shugabannin Komoros ma ba su taimaki hujjarsu ba. Wata guda da samun 'yanci aka kifar da Abdallah. Sojan hayar nan Bafaranshe, Bob Denard, ya zama mai naɗawa da saukewa: shi ya dawo da Abdallah a 1978, yana fadar shugaban ƙasa a daren da aka kashe Abdallah a 1989, ya kuma sake gwada sa'arsa a 1995. Juyin mulki da yunƙurinsa sun haura ashirin. A 1997 Ndzuani da Mwali suka ɓalle, har Ndzuani tana roƙon Faransa ta karɓe ta, Faransa ta ƙi. Tsarin mulkin 2001 ya kawo karɓa-karɓa tsakanin tsibirai, amma sai da sojojin Tarayyar Afirka suka shiga Ndzuani a 2008 suka kori Mohamed Bacar, shugaban tsibirin da ya ƙi sauka daga mulki. Mutanen Mayotte suna kallon duk wannan daga tsallake. A 2009 kashi 95 suka amince su zama cikakken lardin Faransa, a 2011 hakan ya tabbata.

Yau Komoros tana sayar da kanumfari da vanila da man ilang-ilang, wanda tana cikin manyan masu samar da shi a duniya, amma shinkafar da ake ci kullum daga waje ake sayo ta. Abin da ke riƙe gidaje da yawa shi ne kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa daga Faransa, musamman birnin Marseille. Mayotte ce lardi mafi talauci a Faransa, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta suna ƙasa da ma'aunin talaucin ƙasar, amma ga mutumin Ndzuani can ne ake biya da yuro, can ne asibiti ke da magani.

Tun 1995 Faransa ta wajabta biza kafin a shiga Mayotte, tafiyar da a da ba ta buƙatar takarda. Sai aka koma tsallakawa da dare a ƙananan kwale-kwale masu inji da ake kira kwasa-kwasa, a cika su maƙil da masu ciki da marasa lafiya da ƙananan yara. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 suka halaka a wannan ruwa. Waɗanda suka tsira sukan ƙare a unguwannin gidajen kwano da ke rataye a tsaunukan Mamoudzou, babban birnin Mayotte, irin waɗanda mahaukaciyar guguwar Chido ta share a Disamban 2024.

Moroni tana cewa ɗan Komoros da ke Mayotte yana gida, ba baƙon haure ba ne. Amma a 2019 gwamnatin Azali Assoumani ta sa hannu kan yarjejeniyar tallafin yuro miliyan 150 da Faransa, da alkawarin hana kwale-kwalen tashi. Da Faransa ta ƙaddamar da samamen Wuambushu a Afrilun 2023 don rusa gidajen kwano da korar mutane, Komoros ta rufe tashar jiragen ruwa ta Mutsamudu da ke Ndzuani, ta ce ba za ta karɓi kowa ba. Ba a yi wata guda ba jiragen suka ci gaba da sauke mutane.