Wa Ke da Ikon Ruwan Dam ɗin Dadin Kowa? Fashin Baƙin Dokar Albarkatun Ruwa

Madatsar ruwa ta Dadin Kowa tana Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba a Jihar Gombe, amma ikon ruwan da ke cikinta ba a hannun gwamnatin jiha yake ba. Dalili kuwa shi ne Kogin Gongola da aka datse ya taso ne daga tsaunukan Filato, ya ratsa Bauchi da Gombe, sannan ya faɗa Kogin Binuwai a Numan ta Jihar Adamawa. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta damƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, shi ya sa Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedikwata a Yola, ke kula da dam ɗin.

Wannan iko bai hana talaka ruwa ba, kuma a nan ne ya kamata manomi ya natsu. Sashe na 2 na dokar ya ce kowa na iya ɗibar ruwa kyauta domin amfanin gida ko shayar da dabbobinsa daga duk kogin da jama'a ke da damar zuwa, ya kuma yi kamun kifi ko ya tuƙa kwalekwale matuƙar bai saɓa wa wata doka ba. Saboda haka makiyayin da ya kai shanunsa mashaya ba alfarma aka yi masa ba, haƙƙinsa ne.

Sashen ya ƙara wa mai gona wani haƙƙi. Wanda ke riƙe da ƙasa bisa ƙa'ida, ko da takardar gwamnati ko bisa al'ada irin gonar gado, yana iya ɗibar ruwan ƙarƙashin gonarsa, ko na kogin idan gonar tana bakin gaɓa, ya shayar da lambunsa na kansa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sharuɗɗa biyu ne a nan: gonar ta haɗa iyaka da ruwan, noman kuma ya zama na ƙashin kai.

Da zarar harka ta zama ta kasuwanci, wato karkatar da kogi, ko tare shi, ko zuƙarsa da manyan injuna domin babbar gona ko masana'anta, sai an nemi lasisi, kuma hukuma na iya ƙin bayarwa idan aikin zai gurɓata ruwan ko ya cuci masu amfani da shi. Wanda ya yi gaban kansa zai iya fuskantar tara ko ɗauri.

Ruwan da ya biyo magudanar da gwamnati ta gina hukuncinsa daban ne. Dokar da ta kafa hukumomin raya koguna ta ba su damar karɓar kuɗi kan hidimar da suke yi, don haka manomin shinkafar da ke shan ruwa ta kanal ba zai fake da Sashe na 2 ya ƙi biyan kuɗin ruwa ba. A ganina biyan ya dace, domin magudanar da ba a yashe ba cikewa take yi da yashi da kachala, kuma masu gonakin ƙarshen layi ne ke fara rasa ruwa a tsakiyar rani. Sai dai wajibi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙa nuna wa mambobinsu inda kuɗin ya shiga.

Inda dokar ta gaza shi ne ba ta fayyace iyakar da ke tsakanin lambun ƙashin kai da noman kasuwanci ba. Kusan duk mai noman rani a bakin Gongola yana kai albasa ko tumatir kasuwa, to a kadada nawa ko inji nawa ne zai tashi daga mai haƙƙin kyauta ya koma mai neman lasisi? Wannan giɓi yana da haɗari a dam ɗin da ake dogaro da shi ya shayar da garin Gombe, ya juya injunan lantarki mai megawat 40, ya kuma saki ruwa ga mutanen Kiri da Numan da ke ƙasa da shi a Jihar Adamawa. Ƙudurin sabuwar dokar ruwa da aka sha kaiwa Majalisar Tarayya ya gamu da turjiya, musamman a 2018 da 2020, kuma ƙaramin manomi ne ya fi kowa buƙatar a rubuta wannan iyaka ɓaro-ɓaro.