Ma'anar Ɗaurin Langa-Langa a Rufin Gida

Langa-langa siririn ƙarfe ne mai laushin lanƙwasawa, wanda a da ake ɗaure dilolin auduga da na yadi da shi, kafin kafintoci su mayar da shi abin haɗa katakon rufi da bango. Idan aka ce an yi wa gida ɗaurin langa-langa, ana nufin an binne gindin ƙarfen cikin kankaren linta, ko an ratsa shi ƙarƙashin layukan bulo, sannan aka naɗe shi a kan rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufi, aka buga masa ƙusoshi.

Mutane da yawa suna zaton iska tura rufi take yi. A gaskiya ɗaga shi take yi. Idan hadari ya taso daga gabas a farkon damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni a nan Sakkwato, iskar da ke gudu bisa kwano takan zuƙe shi sama, wadda ta kutsa ta ƙofa ko taga kuma tana tunkuɗa shi daga ƙasa. Abin ya fi tsanani a kusurwoyi da bakin rufi, kuma idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta sau 4 yake ninkawa. Ƙusar da aka buga a karkace ba ta jure irin wannan fizga, zarewa take yi.

Tsofaffin gidaje sun fi shiga haɗari, musamman sorayen laka da aka ɗora wa kwano daga baya, domin sau da yawa katakon zaune kawai yake a kan bango. Ko inda aka ɗaure, gara takan rarake katako, tsatsa kuma ta cinye ƙarfen daidai inda ya fito daga gini, ta yadda za ka taɓa shi ya karye a hannunka. Duwatsu da tayoyin da ake jibgawa bisa kwano dabara ce ta rashin yadda za a yi, kuma idan suka faɗo suna iya raunata mutum.

A jihar Filorida ta Amurka, sai da guguwar Andrew ta 1992 ta yaye dubban rufi kafin aka tsaurara dokar gini, wadda ta nemi ɗaurin ya bi hanya ɗaya ba yankewa, daga rufi zuwa bango har harsashi. Saboda haka ɗaure rafta da layin bulo na sama kaɗai bai wadatar ba, domin iska takan tafi da rufin tare da bulon. Lokacin da ya dace a kira kafinta ya buɗe silin ya duba kowace rafta shi ne bazara, tun gajimare bai fara haɗuwa ba.