Shirin REU: binciken lissafi na ɗaliban digirin farko a Amurka

REU shiri ne da Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, wato NSF, ta fara a 1987 domin ɗaliban digirin farko su shiga bincike na gaske a lokacin dogon hutun bazara, tsakanin Yuni da Agusta. Ya shafi fannonin kimiyya da yawa, amma ya yi jijiya sosai a lissafin aikace, wanda ake warware matsalolin zahiri da shi, irin su yaɗuwar cuta da cunkoson motoci da hasashen yanayi.

Jami'ar da ta samu tallafin kan ɗauki ɗalibai kusan goma daga makarantu daban-daban, su shafe mako takwas zuwa goma tare. Ana ba su alawus da masauki da kuɗin hanya. Akasari ana rufe karɓar takardun nema a Fabrairu ko Maris. Kuɗin NSF na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin kaɗai, kuma wannan sharaɗi yana hana haziƙai da yawa daga ƙetare shiga.

Abin da ya raba shirin da aji shi ne tambayar da ake bai wa ɗalibi ba ta da amsa a bayan littafi, sau da yawa malamin da kansa bai san ta ba. A ɗauki misalin annoba. Ɗalibai kan fara da tsarin da Kermack da McKendrick suka fitar a 1927, inda ake kasa jama'a gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, da masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke. Idan mai ƙyanda ɗaya zai harbi mutum 15, lissafin ya nuna sai kusan 14 cikin kowane 15 sun samu kariya kafin cutar ta daina yaɗuwa. Wannan kowa ya sani. Aikin ɗaliban yana farawa ne idan aka tambaya: to in mutane suna kaiwa da komowa tsakanin garuruwa biyu fa, ko rigakafin bai isa wata unguwa ba? Nan za a ga allo cike da alli, ana gwaji a kwamfuta, ana sharewa ana sake lale. Mako guda kan wuce ba a ga haske ba, kuma a nan ne ɗalibi yake koyon haƙurin da bincike ke nema.

Cikin cibiyoyin da suka yi fice wajen irin wannan shiri an yi MTBI, wadda Carlos Castillo-Chavez ya kafa a Jami'ar Cornell a 1996 kan lissafin halittu da cututtuka, daga baya ta koma Jami'ar Jihar Arizona. Akwai kuma shirin RIPS na cibiyar binciken lissafi ta IPAM da ke Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles, wanda aka fara a 2001. A can ɗalibai huɗu kan haɗu su yi mako tara kan matsalar da wani kamfani ko ɗakin bincike ya kawo, kuma yana karɓar ɗaliban ƙasashen waje.

A ƙarshe kowace ƙungiya tana rubuta rahoto. Wasu kan baje sakamakonsu a babban taron masana lissafi na watan Janairu, wasu kuma su buga shi a SIURO, mujallar intanet da SIAM, ƙungiyar masana lissafin aikace, ta ware wa binciken ɗaliban digirin farko.