Setin injin pires na hoto a farantin ƙarfe, dan Allah ku karanta kafin ku sake tambaya

Tun da na fara buga hoto a faranti da pires, wato injin matsi mai zafi, a shagona nan Jos tambayoyin nan guda nawa ne ake ta maimaita min, wani ma sai ya ƙona faranti uku sannan ya kira ni. Toh ga amsa.

Zafi nawa zan sa?

200°C zuwa 204°C, wato wajen 400°F. Ka duba injinka a wanne yake karantawa, akwai wanda ya sa 200 alhali injinsa a °F yake, ya zo yana cewa tawadarsa ce jabu.

Minti nawa?

Ƙaramin faranti sakan 60 zuwa 90. Babba ya fi haka. Matsi matsakaici, ba sai ka hau kan hannun injin ba.

Zan iya siyo alminiyam a kasuwa in buga a kai?

A'a. Sai wanda aka shafa masa fatar poliyesta, irin su ChromaLuxe. Tawadar sublimeshan in ta ji zafi tururi take zama ta shige cikin fatar nan, ƙarfe tsura ba inda za ta shiga.

Ledar da ke kan farantin fa?

Haba malam. Cire ta. In ta narke a kai ka yi asarar farantin kenan.

Na bi duk setin amma baƙin ya fito ruwan ƙasa, ko gefe ya dusashe, me ya faru?

Wannan ce tambayar gaskiya, kuma ba zan ce maka ga abu ɗaya ba. Yawanci in baƙi ya koma ruwan ƙasa ka dafa shi ya wuce kima, rage sakan 10 ka gani. In kuma ya fito fari-fari ko yana ɗan kore to bai dahu ba. Amma abin da allon injin yake nunawa ba lallai shi ne zafin da ke ƙarfen sama na injin ba, musamman ƙananan injina masu araha, tsakiya na iya zafi gefe na sanyi, shi ya sa gefe ke dusashewa. Sannan garin nan namu, da safe lokacin hunturu ƙarfen ƙasa na injin sanyi ƙalau yake, shi ke shanye zafin, ni sai na rufe injin babu komai a ciki kamar minti ɗaya kafin aikin farko. Da damina kuma takardar da ka firinta hoton a kai ce ke jan laima, sai ka ga tabo-tabo kamar gajimare, ka ɗora ta ƙarƙashin zafin ba tare da ka matse ba na 'yan sakanni ta bushe. In wuta ba ƙarfi ko kana kan ƙaramin janareta, da ka rufe zafin zai faɗi kuma ya daɗe bai dawo ba, ka sa ido a allon lokacin da agogo ke tafiya. Wani lokacin ma ba pires ɗin ba ne, kan firinta ne ya toshe. In za ka yi gwaji, farantin da ya riga ya sha tawada ba zai nuna maka komai ba, ka sadaukar da sabo ƙarami guda ɗaya, ka canza abu ɗaya kawai duk gwaji, ka rubuta a littafi. Kada ka damu, kowa ya ƙona nasa.

Hoton ya fito da inuwa biyu?

Takarda ce ta motsa. Ka manne ta da tef mai jure zafi, ba selotef ba, kuma ka ɗaga injin a hankali.

Rubutun ya fito a juye?

Ba ka juya hoton kamar a madubi ba kafin ka firinta. Wannan kam ba ruwan injin.

Firintar HP ɗina za ta yi?

Ba za ta yi ba, nemi Epson. Kuma ka sa safar hannu kafin ka ɗauki farantin, ƙarfe ne ya fito daga digiri 200, na gaji da ganin yara da yatsu a ɗaure.