Nisan sandunan golf: daga ɗakin atisaye zuwa manhajar waya

Me ake nufi da atisaye a na'urar kwaikwayon fili?

Ɗaki ne da aka rataye wa allon ƙyalle mai kauri, ana haska hoton filin golf a kansa. Mutum zai tsaya a kan shimfiɗar roba ya buga ƙwallo, ƙwallon ta bugi allon, sai na'ura ta lissafa inda da ta faɗa in da a fili ake. Na'urorin iri biyu ne. Wasu suna aiki da rada, kamar TrackMan na ƙasar Denmark da Garmin Approach R10 da ta fito a 2021. Wasu kuma kyamarori ne masu saurin ɗaukar hoto, kamar GCQuad na kamfanin Foresight da SkyTrak. Dukkansu saurin ƙwallo da kusurwar tashinta da yawan juyawarta suke aunawa, nisan kuwa lissafi ne.

To wace lamba zan shigar a manhajar waya da ke ajiye nisan kowace sanda, tunda allon yana nuna biyu?

Nan ne mafi yawan mutane ke tafka kuskure. Lamba ɗaya nisan da ƙwallo ta yi a iska ne kafin ta fara taɓa ƙasa. Ɗayar kuma ta haɗa da mirginawar da ta yi bayan saukarta. Ta farkon ce ta kamata ka rubuta. Mirginawa ba ta hannun na'ura ba ce, ƙasar fili ce ke yanke ta: ciyawar da ta sha ruwan damina daban take da busasshiyar ƙasar rani, wadda ƙwallo ke ta gudu a kanta. Kuma idan akwai tafki ko ramin yashi tsakaninka da tutar da ke nuna ramin saka ƙwallo, abin da kake bukatar sani shi ne ko ƙwallonka za ta tsallake shi a iska. Mirginawa ba ta ceton kowa daga ruwa.

Bugu nawa ake bukata a kan kowace sanda?

Goma sha ɗaya sun isa. Jera su daga mafi gajarta zuwa mafi nisa, ka ɗauki na shida, wato na tsakiya. Kada ka ɗauki wanda ya fi nisa. Na ga yadda ido ke maƙalewa a kan bugun da ya fi kowane, mutum ya rubuta shi, ranar wasa kuma ƙwallonsa ta riƙa faɗuwa kafin ta isa. Wanda ya kuɓuce maka gaba ɗaya, ka goge shi. Doka ta ba da damar ɗaukar sanda 14, kuma ta saka ƙwallo rami ba ta bukatar wannan awo, saura 13 ke nan. Raba su kwana biyu ko uku, don gajiya tana rage nisa.

Me ya sa lambar ɗaki ke saɓawa da ta fili?

Shimfiɗar roba tana yafiya. Idan sanda ta riga ta daki ƙasa kafin ƙwallo, a kan roba sai ta zame ta buga da kyau, a kan ciyawa kuwa ta nutse. Ƙwallon ma tana da tasiri: tsofaffin ƙwallayen atisaye ba sa zuwa inda taka ta wasa ke zuwa, don haka ka auna da irin wadda kake wasa da ita. Na'urori masu rada a ɗaki mai ƙunci suna wahalar karanta juyawar ƙwallo, shi ya sa Titleist ya fitar da ƙwallon RCT mai alama a ciki da rada ke iya karantawa.

Sai kuma tudu. Na'urori da yawa suna lissafi kamar kana bakin teku ne, kuma iska ba ta kaɗawa. Wanda ya auna sandunansa a Legas ya je filin Rayfield a Jos, da ke kusan mita 1,200 sama da teku, zai ga ƙwallonsa ta ƙara nisa, saboda iskar tudu ba ta da kauri. Duba saitin tsayin wuri da zafi kafin ka fara.

Yadi ko mita?

Duk wanda filinka ke amfani da shi. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, wato yadi 150 mita 137 ne. Wannan bambancin ya kai na sanda guda.

Idan manhajar tana auna bugu a fili da kanta, ina amfanin na ɗaki?

Manhajojin Arccos da Shot Scope suna amfani da ɗan maɓalli a ƙarshen mariƙin sanda tare da GPS, su auna daga inda ka buga zuwa inda ka tarar da ƙwallo. Wannan ya haɗa da mirginawa, don haka kada ka gauraya shi da lambar ɗaki a layi ɗaya. Ajiye su gefe da gefe. Ta ɗaki ce za ta nuna maka tazarar da ke tsakanin sandunanka, wadda a sandunan ƙarfe ake son ta zama yadi 10 zuwa 15. Idan mai lamba 5 da mai lamba 6 suna sauka wuri ɗaya, ɗayarsu ba ta da aiki a jakarka, kuma lokaci ya yi da za ka kai su a duba karkatar fuskarsu.