Mece ce "JUCO", kuma wane irin aiki kocin 'yan mata ke yi a can?

Duk wanda ya bi tarihin Evelyn Akhator, 'yar wasan D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya, da ta taso a Legas, zai ci karo da wani suna kafin ya kai ga Jami'ar Kentucky: Chipola College, a wani ɗan gari mai suna Marianna a jihar Florida. Da wannan makaranta ta ci kofin ƙasa a 2015, daga nan ta wuce Kentucky, a 2017 kuma ƙungiyar Dallas Wings ta ɗauke ta a matsayi na uku a zaɓen sabbin 'yan wasa na WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka. Masu sharhin ƙwallon kwando a Amurka in sun zo nan sai su ce "daga JUCO ta fito", su wuce abinsu, kamar kowa ya san me ake nufi.

JUCO, wadda ake furtawa "juko", gajarta sunan junior college aka yi. Kada kalmar junior ta ruɗi mutum ya zaci ƙaramar sakandare ce irin tamu. Kwaleji ce ta shekara biyu da ake shiga bayan gama sakandare. Wanda ya kammala yana iya kama aiki da takardarsa, ko ya ɗauki darussan da ya ci ya kai wa jami'a, a ƙirga masa su, ya ƙarasa sauran shekara biyun ya samu digiri. Abin da ya fi kama da ita a wurinmu shi ne mai difloma da ya shiga jami'a kai tsaye ba tare da ya fara daga aji ɗaya ba. Yawancin makarantun yanzu community college ake rubutawa a ƙofarsu, wato kwalejin al'umma, amma a bakin mutanen wasanni juko ce ta zauna daram.

Tsohuwar aba ce. Joliet Junior College ta jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, ita ake lissafawa ta farko cikin na gwamnati. Hukumar da ke kula da wasanninsu, NJCAA, an kafa ta a 1938 a garin Fresno na California, ko da yake abin mamaki kwalejojin California yau ba sa cikinta, suna da tasu hukumar daban. Mata kuwa sai da dokar Title IX ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, sannan ƙofa ta buɗe musu sosai. A 1975 NJCAA ta kafa sashen mata. Rukuni uku ne: na ɗaya na iya ɗauke wa 'yar wasa kuɗin karatu da ɗakin kwana da abinci, na biyu kuɗin karatu da littattafai, na uku ba ya ba da tallafin wasa ko sisi.

Su wa ke zuwa? Akwai yarinyar da ta iya wasa amma sakamakon jarrabawarta bai kai abin da hukumar jami'o'i, NCAA, ke nema ba. Akwai wadda ba ta gama nuna kanta a sakandare ba, manyan makarantu suka kau da kai. Akwai baƙuwa daga Afirka ko Turai da ke bukatar lokaci ta saba da karatu da wasan ƙasar. Akwai kuma wadda ta shiga jami'a, zama bai yi daɗi ba, ta dawo ta sake shiri. Sheryl Swoopes ma ta bi ta nan: shekara biyu ta yi a South Plains College da ke Levelland, Texas, kafin ta je Texas Tech ta zuba maki 47 a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasa ta 1993.

Shekara biyun nan su ne suka sa aikin kocin juko ya bambanta da na kowa. Kocin jami'a yana da shekara huɗu ya raini 'yar wasa. Na juko, wadda ya koya wa tsarin tsaron gida bara, bana ita ce babba, baɗi ta tafi. Kusan rabin ƙungiya ke watsewa duk shekara, wani lokaci fiye. Kullum cikin gini yake, kullum cikin neman sabbin hannu. Kuma a ƙananan makarantu da yawa ba wata runduna ta mataimaka: shi ne zai tuƙa motar ƙungiya awa biyar zuwa wasa, a tsaya a ci abinci a bakin hanya, a dawo tsakar dare, da safe ya leƙa aji ya ga ko wance ta shiga darasin lissafi. Wannan leƙen ba ƙaramin abu ba ne, domin in ba ta ci darussanta ba, babu jami'ar da za ta karɓe ta komai iya wasanta. Shi ya sa ake auna kocin juko da ma'auni biyu: wasa nawa ya ci, da kuma yara nawa ya tura gaba. A ganina na biyun ne ke cika masa ɗakin kwana da sabbin 'yan wasa, don iyaye shi suke tambaya.

Masu wannan aiki kashi biyu ne. Wasu tsani suka ɗauke shi. Kurt Budke ya fara da Allen County a Kansas, sannan ya koma Trinity Valley Community College a garin Athens na Texas, garin da mutanensa ba su kai 15,000 ba. A can ya ci kofin ƙasa sau huɗu: 1994, 1996, 1997 da 1999. Duk da haka, da ya tashi shiga jami'a a 2000, mataimaki aka ɗauke shi a Louisiana Tech, ƙarƙashin babban koci Leon Barmore. Kofi huɗu a hannu, amma sai ka sake zama yaron wani. Haka manyan makarantu ke kallon juko. Budke ya gaji kujerar Barmore a 2002, ya koma Oklahoma State a 2005, inda a kakarsa ta farko bai ci ko wasa ɗaya ba cikin 16 na rukunin jami'o'in da ake kira Big 12, amma zuwa 2008 ya kai su cikin 16 na ƙarshe a gasar ƙasa. Ranar 17 ga Nuwamba 2011 ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗi a jihar Arkansas, yana kan hanyar zuwa kallon 'yan sakandaren da yake son ɗauka. Tare da shi aka rasa mataimakiyarsa Miranda Serna, wadda 'yar wasansa ce tun a Trinity Valley.

Wasu kuma gida suka mai da shi. Lin Laursen ta yi shekara 34 a Central Arizona College, ta ci wasa fiye da 900 da kofin ƙasa uku. Roonie Scovel ta Gulf Coast State College a Panama City, Florida, ta ci shida, daga 2003 zuwa 2019. Ta taɓa ajiye aikin ta dawo. Kofin ƙarshen ya zo ne watanni kaɗan bayan guguwar Michael ta ragargaza garin a Oktoban 2018. Dukansu biyu suna cikin zauren karrama gwanayen ƙwallon kwandon mata da ke Knoxville, Tennessee, kuma da aikin juko suka shiga.

Abin da ya sake jawo kalmar bakin mutane kwanan nan shi ne sauyin dokokin NCAA. A 2018 aka buɗe rumbun sunayen 'yan wasan da ke son sauya jami'a, a 2021 kuma aka daina tilasta wa mai sauyin farko zaman shekara guda ba wasa. A da, kocin jami'ar da ke neman ƙwararriya cikin gaggawa juko yake nufa. Yanzu yana iya buɗe kwamfuta ya zaɓo wadda ta riga ta buga wa wata jami'a. Sai kocin juko ya ƙara yawan buga waya kafin a zo kallon yaransa, ko da yake 'yan sakandaren da jami'o'i suka tsallake saboda wannan rumbu, da yawa wurinsa suke faɗowa. Ga kuma rigimar ƙirga shekaru: a Disamban 2024 wani alƙalin tarayya a Tennessee ya ba Diego Pavia, ɗan wasan ƙwallon nan da ake kira American football na Jami'ar Vanderbilt, umarnin wucin gadi da ya hana NCAA cire shekarun da ya yi a juko daga wa'adin wasansa na jami'a, har hukumar ta ƙara shekara ɗaya ga masu irin matsayinsa a kakar 2025 zuwa 2026.